Asirin Eleusis: Ibadar dare da Girkawa suka ɓoye wa duniya

Kimanin kilomita 20 yamma da Atina, babban birnin ƙasar Girka, akwai wani gari a bakin teku mai suna Elefsina, wanda a wannan zamani aka fi saninsa da matatun mai da masana'antu.

A tsakiyar garin akwai kufan wani tsohon wurin bauta, inda mutane suka shafe fiye da shekara dubu suna taruwa sau ɗaya a shekara domin wata ibada ta dare, wadda doka ta tanadi hukuncin kisa ga duk wanda ya fallasa abin da ake yi a cikinta.

Eleusis ne sunan garin a wancan zamani, kuma ibadar da ake yi a can ita ce mafi shahara a cikin ibadun asiri na Girkawan dauri, mutanen da littattafan Larabci ke kiran ƙasarsu Yunan.

Jama'a masu ɗimbin yawa sun shiga wannan asiri, tun daga manoma da bayi har zuwa masana falsafa da sarakunan daular Rum. Amma har aka daina ibadar a ƙarshen ƙarni na 4 Miladiyya, babu wani daga cikinsu da ya bar cikakken bayanin abin da ya gani.

Abin da masana tarihi suka sani a yau, sun tsinto shi ne daga rubuce-rubucen kan duwatsu, da bayanan shari'o'in waɗanda aka tuhuma da tona asirin, da zane-zanen jikin tukwane, da kuma kalaman marubuta Kiristoci na farko waɗanda suka yi adawa da ibadar.

Wane irin asiri ne?

Girkawa na kiran wannan buki Mysteria, kuma wanda ake shigarwa sunansa mystes. Masana harshe na danganta kalmar da wata kalmar Girkanci mai nufin rufe baki ko rufe ido. Daga nan ne harsunan Turai da dama suka samo kalmar da suke kiran duk wani abu da ya ɓuya ga fahimta.

Sai dai wanda ya ji kalmar asiri kada ya ɗauka wata ƙungiya ce ta 'yan tsiraru masu haɗuwa a ɓoye. Hukumar birnin Atina ce ke kula da bukin, an san ranakunsa, an san jagororinsa, kuma rabinsa a bainar jama'a ake yi.

Ƙofa a buɗe take ga maza da mata, 'ya'ya da bayi, 'yan gari da baƙi. Sharuɗɗan da ake shelantawa biyu ne: mutum ya kasance yana jin Girkanci, kuma babu alhakin jinin wani a kansa.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a birnin da mata da bayi ba su da ta cewa a majalisa. Wani lissafin kuɗi da aka sassaƙa a kan dutse a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ya nuna an biya dirakma 30 domin shigar da bayi biyu masu yi wa wurin bautar aiki, watau dirakma 15 kowannensu, kwatankwacin ladan kwana goma na lebura.

Haka kuma shiga asirin ba ya nufin sauya addini. Wanda aka shigar yakan koma garinsu ya ci gaba da bautar da ya saba, ba shi da wani taro na mako-mako, ba shi da wani littafi da zai riƙe. Abin da ya rage masa shi ne tunanin abin da ya gani, da kuma alƙawarin kama bakinsa.

Labarin uwa da 'ya

Ibadar ta ginu ne a kan wani labari na Demeter, abar bautar da Girkawa suka ɗauka ita ce mai ba da hatsi, da 'yarta Persephone, wadda a Eleusis aka fi kira Kore, watau budurwa.

Mafi tsufan rubutun da ya kawo cikakken labarin shi ne wata doguwar waƙar yabon Demeter da ake jin an tsara ta a ƙarni na 7 ko na 6 kafin Miladiyya. Waƙar ta ɓace wa masana na tsawon ƙarnuka, sai a shekara ta 1777 aka gano kwafi guda nata a birnin Mosko.

A cewar labarin, Kore na tsinkar furanni sai ƙasa ta tsage, Hades sarkin duniyar matattu ya fito ya sace ta, da yardar ubanta Zeus. Uwar ta yi kwana tara tana yawon nemanta da wutar yula a hannu, ba ci ba sha.

Da ta ji gaskiyar abin da ya faru, sai ta yi fushi ta bar sauran abubuwan bauta, ta rikiɗa ta zama tsohuwa, ta zo ta zauna a bakin wata rijiya a Eleusis. 'Ya'yan sarkin garin, Keleos, suka kai ta gida aka ba ta renon ƙaninsu.

A gidan ne wata baiwa ta yi ta yi mata barkwanci har ta yi dariya, kuma a nan ta karya azuminta da wani abin sha na sha'ir da ruwa da ganyen na'a-na'a, wanda ake kira kykeon.

Labarin ya ce kowane dare takan sa jaririn cikin wuta domin ta mai da shi marar mutuwa, har ranar da mahaifiyarsa ta leƙa ta gani ta yi kururuwa. Nan take Demeter ta bayyana kanta, ta umarci mutanen garin su gina mata ɗakin bauta.

Daga cikin wannan ɗaki ta hana ƙasa tsiro, yunwa ta kusa ƙarar da 'yan Adam, har ya zama dole Zeus ya sa a dawo mata da 'yarta. Amma da yake Hades ya riga ya ba yarinyar ƙwayar rumman ta ci, sai aka daidaita cewa za ta riƙa yin kashi ɗaya cikin uku na shekara a ƙarƙashin ƙasa, sauran kuma tare da uwarta.

Kafin ta bar Eleusis, Demeter ta mayar wa gonaki albarkarsu, ta kuma koya wa manyan garin ibadar da ba a faɗa. Shi ya sa mutanen Atina ke alfaharin cewa kyauta biyu suka samu daga gare ta suka raba wa duniya, watau noman hatsi da kuma wannan asiri.

Masu riƙe da ibadar

Gidaje biyu ne suka gaji manyan muƙaman ibadar. Daga zuriyar Eumolpidai ake naɗa babban jagora mai laƙabin Hierophantes, watau mai nuna abubuwa masu tsarki, kuma yakan riƙe muƙamin har mutuwarsa. A ƙarnukan baya-baya har sunansa na yanka akan daina ambata muddin yana raye.

Zuriyar Kerykes kuma ita ke ba da mai riƙon wutar yula da kuma sanƙiran ibada. Akwai kuma mace mai kula da ɗakin Demeter da Kore, wadda ke zaune a harabar wurin bautar.

A ɓangaren hukuma, wani babban jami'in Atina mai kula da al'amuran addini ne ke sa ido a kan bukin. Washegarin kammalawa majalisar birnin kan zauna ta saurari ƙarar duk wani laifi da aka aikata a lokacinsa.

Kafin bukin, Atina kan aika manzanni zuwa biranen Girka su shelanta dakatar da yaƙi na kwana 55, domin matafiya su je su dawo lafiya.

Akwai kuma wata doka ta ƙarni na 5 kafin Miladiyya da ta wajabta wa manoman Atina da ƙawayenta su kai nunan fari Eleusis: kashi ɗaya cikin 600 na sha'ir, da kashi ɗaya cikin 1,200 na alkama. Wannan na nuna yadda ibadar ta cuɗanya da siyasa da tattalin arzikin birnin.

Daga Atina zuwa Eleusis

Shiga asirin hawa-hawa ne. Akwai ƙaramin buki na tsarkakewa da ake yi wajejen Fabrairu zuwa Maris a Agrai, bakin kogin Ilissos da ke gefen Atina. Babban bukin kuma yana zuwa ne a watan da suke kira Boedromion, wajejen Satumba zuwa Oktoba, gab da lokacin shukar alkama a ƙasar.

Ranar 14 ga watan, samarin da ke samun horon soja kan rako wasu abubuwa masu tsarki, a rufe cikin akwatuna, daga Eleusis zuwa wani wurin bauta a gindin tudun Akropolis. Ranar 15 a yi shela, a gargaɗi waɗanda ba su cancanta ba su janye.

Marubucin Rum Suetonius ya ce saboda wannan shela ce Sarki Nero, wanda ya sa aka kashe mahaifiyarsa, bai yi ƙarfin halin halartar bukin ba lokacin da ya ziyarci Girka.

Ranar 16 masu neman shiga kan gangara bakin teku su yi wanka, kowa da ɗan aladensa, wanda shi ma za a wanke shi kafin a yanka. Daga nan sai kwanakin yanke-yanke da zaman gida, tare da ƙaurace wa wasu abinci irin su wake da rumman da kaji da wasu kifaye.

Wajejen ranar 19 ake babban jerin gwano. Jama'a kan fita ta ƙofar birni su kama hanyar da ake kira Tsattsarkar Hanya, wadda har yanzu akwai titi mai wannan suna a Atina. Suna tafe da ganye a ka, da sanduna a hannu, suna kiran sunan Iakchos, abin bautar da ake ɗauke da gunkinsa a gaba.

Marubucin tarihi Herodotus ya kawo labarin wata ƙura da aka hango ta taso daga Eleusis a lokacin yaƙin Farisa na shekara ta 480 kafin Miladiyya, aka kwatanta ta da ƙurar mutum 30,000. Ko da an yi ƙari a adadin, yana nuna girman taron a idon mutanen zamanin.

A kan hanya akan ɗaura wa kowane mai shiga zare mai launin rawaya a hannun dama da ƙafar hagu. A wata gada kuma wasu mutane kan tsaya su yi ta yi wa masu wucewa ba'a da zambo, ba a ƙyale ko manyan gari ba. Wasu masana na ganin wannan tuni ne da barkwancin baiwar nan da ta sa Demeter dariya.

Sai dare ya yi ake isa Eleusis, a cikin hasken wutar yula, a yi raye-raye a bakin rijiyar da har yanzu tana nan kusa da ƙofar shiga. Iyakar abin da kowa ke iya gani ke nan. Daga wannan ƙofa, sai wanda za a shigar da kuma jagoransa.

Daren Telesterion

Ginin da ake ibadar a ciki, Telesterion, ya sha bamban da sauran ɗakunan bautar Girkawa. Su waɗancan gidan gunki ne, jama'a a waje suke tsayawa. Shi kuwa wannan an gina shi ne domin ya ɗauki jama'a ya kuma ɓoye su.

A siffarsa ta ƙarshe zaure ne mai kusurwa huɗu, kowane gefe kimanin mita 51, da ginshiƙai 42 riƙe da rufinsa, da matakala takwas a jikin bango inda mutane ke tsayawa. An ƙiyasta zai ɗauki mutum kusan 3,000. A cikinsa akwai wani ɗan ɗaki da ake kira Anaktoron, inda ake ajiye abubuwan nan masu tsarki, kuma babban jagora kaɗai ke shigarsa.

Masana kan kasa abin da ke faruwa a zauren gida uku: abin da ake aikatawa, da abin da ake faɗa, da abin da ake nunawa.

Wani malamin Kirista na birnin Iskandariya ta Masar, Clement, wanda ya rayu a ƙarshen ƙarni na 2 Miladiyya, ya ce akwai wata kalmar shaida da mai shiga ke furtawa, inda yake tabbatar da cewa ya yi azumi, ya sha kykeon, ya kuma ɗauko wani abu daga akwati ya yi aiki da shi ya mayar. Bai faɗi ko mene ne abin ba.

Wasu marubutan sun yi nuni da cewa akan kwaikwayi neman Kore cikin duhu da wutar yula, kuma idan aka zo kiranta babban jagora kan bugi wani farantin tagulla mai ƙara. Daga nan sai a buɗe Anaktoron, wani gagarumin haske ya cika zauren.

Wani littafin Kirista na ƙarni na 3, wanda ake danganta shi da Hippolytus, ya ce a cikin wannan haske jagoran kan ɗaga murya ya sanar da haihuwar wani ɗa mai tsarki, kuma babban abin da ake nuna wa waɗanda suka kai matakin ƙarshe shi ne zangarniyar alkama guda, da aka yanka cikin shiru.

Matakin ƙarshen na waɗanda suka dawo ne bayan aƙalla shekara guda, kuma sunansu epoptai, watau masu gani.

Masana na taka-tsantsan da waɗannan bayanai, domin marubutan abokan hamayya ne masu son nuna cewa babu komai a ibadar sai shirme. Duk da haka da yawa na ganin batun zangarniyar ya dace da labarin: ƙwayar da aka binne a ƙasa ta sake tsirowa, kamar yadda Kore ta koma ga uwarta.

An ruwaito Aristotle yana cewa masu shiga asiri ba darasi ake koya musu ba, wani yanayi ake jefa su ciki har ya taɓa zukatansu. Plutarch kuma ya kwatanta halin da rai ke shiga a lokacin mutuwa da na mai shiga asiri: yawo cikin duhu, da tsoro, da karkarwa, da gumi, sannan haske mai ban mamaki da filaye masu daɗi.

Wannan na iya zama ɗaya daga cikin dalilan da suka sa asirin ya daɗe. Ko da mutum ya faɗi cewa zangarniya ya gani, bai faɗi abin da ya ji ba bayan kwanaki na azumi, da tafiyar yini guda a ƙasa, da tsayuwa cikin duhu tare da dubban mutane.

A rana ta ƙarshe akan cika wasu tukwane biyu a tuntsurar da su, ɗaya gabas ɗaya yamma. Tufafin da aka shiga asirin da su kuma, wasu kan bar su sadaka a wurin bautar, wasu su adana su domin naɗe jarirai.

Hukuncin tona asiri

Hausawa kan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, amma mutanen Atina ba su bar maganar ga halin kirkin mutum kawai ba. Sun kafa mata doka, kuma sun zartar da ita.

Shahararren marubucin wasan kwaikwayo Aeschylus, wanda shi kansa haifaffen Eleusis ne, ya fuskanci zargin bayyana wani abu na asirin a wasanninsa. Aristotle ya ce ya kare kansa ne da cewa bai san abin na ɓoye ba ne.

Wani mawaƙi mai suna Diagoras, mutumin tsibirin Melos, ya riƙa yi wa ibadar izgili yana hana mutane shiga. Ya tsere daga Atina, hukuma kuma ta sa lada ga duk wanda ya kashe shi, da ninkinsa ga wanda ya kawo shi da rai.

Shari'ar da ta fi girgiza birnin ita ce ta shekara ta 415 kafin Miladiyya. Atina na shirin tura babbar rundunar jiragen ruwa zuwa tsibirin Sisili, sai aka wayi gari an farfasa gumakan Hermes da ke ƙofofin gidaje. A cikin binciken ne aka ba da shaida cewa Alcibiades, ɗaya daga cikin kwamandojin rundunar, shi da abokansa sun kwaikwayi ibadar Eleusis a gidajen mutane, a gaban waɗanda ba a shigar ba.

An bar shi ya tafi da rundunar, daga baya aka aika jirgi ya dawo da shi domin shari'a. Ya sulale a kudancin Italiya, ya koma wajen abokan gaba a Sparta. Aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, aka ƙwace dukiyarsa, aka umarci jagororin ibada su tsine masa. Plutarch ya ce mace guda, Theano, ta ƙi, tana mai cewa addu'a ce aikinta ba tsinuwa ba.

Shawarwarin da ya ba Sparta sun cuci Atina ƙwarai, kuma a shekara ta 413 aka hallaka rundunar da ke Sisili. Da aka yafe masa ya dawo gida a 407, abin da ya yi don wanke sunansa shi ne ya sa sojoji suka rako jerin gwanon Eleusis ta ƙasa, bayan shekarun da yaƙi ya tilasta bi ta teku.

Shekaru kaɗan bayan haka, da aka gurfanar da Andocides kan wata tuhuma mai nasaba da wannan badaƙala, waɗanda aka shigar asirin kaɗai aka bari suka zauna a matsayin masu yanke hukunci.

Wajejen shekara ta 200 kafin Miladiyya kuma, wasu samari biyu daga yankin Akarnania suka bi taro suka shiga wurin bautar ba tare da an shigar da su ba. Tambayoyin da suka riƙa yi ne suka tona su. Marubucin tarihin Rum, Livy, ya ce ko da yake a fili yake kuskure ne, an kashe su. Mutanensu suka nemi taimakon Sarki Philip na Biyar na Masedoniya suka kai wa ƙasar Atina hari, lamarin da ya shiga cikin musabbaban yaƙin Rum da Masedoniya.

Sai dai dokar ba ta rasa lanƙwasawa a gaban mai ƙarfi ba. Lokacin da Sarki Demetrius ya nemi a shigar da shi dukkan matakai a lokaci guda, wajejen shekara ta 302, sai mutanen Atina suka sauya wa watan da ake ciki suna har sau biyu domin biyan buƙatarsa.

Me mutane ke nema?

A tsohon tunanin Girkawa, babu wani abin sha'awa a bayan mutuwa. Waƙoƙin Homer sun nuna matattu a matsayin inuwoyi marasa ƙarfi a wani wuri mai duhu, inda ko babban jarumi ke ganin gara talauci a duniya da sarauta a can.

Eleusis ta zo da wani alƙawari na daban, cewa wanda ya ga asirin rabonsa a lahira ba zai zama ɗaya da na wanda bai gani ba. Mawaƙa irin su Pindar da Sophocles sun maimaita wannan magana.

Cicero, ɗan siyasa kuma marubucin Rum, ya ɗauki asirin a matsayin mafi alherin abin da Atina ta ba duniya, domin a ganinsa ya koya wa mutane zaman duniya da farin ciki, da kuma fuskantar mutuwa da kyakkyawan fata. Plato, wanda malaman Larabci ke kira Aflaɗun, ya ari kalmomin asirin domin kwatanta yadda rai ke hawa mataki-mataki zuwa ganin gaskiya.

Ba kowa ne ya gamsu ba. An ruwaito masanin falsafa Diogenes yana tambaya, yaya za a ce wani sanannen ɓarawo zai fi Epaminondas, gwarzon birnin Thebes, kyakkyawar makoma don kawai shi ɓarawon an shigar da shi? Tambayar ta taɓo inda ibadar ke da rauni, domin ta fi ba da ƙarfi ga abin da mutum ya gani a dare guda fiye da yadda ya yi rayuwarsa.

Sauran ibadun asiri

Eleusis ba ita kaɗai ba ce. A tsibirin Samothrace da ke arewacin tekun Aegean akwai asirin Manyan Abubuwan Bauta, wanda matuƙan jiragen ruwa ke shiga domin neman tsari daga haɗarin teku. Plutarch ya ce a can ne Sarki Philip na Biyu ya fara ganin Olympias, wadda ta haifa masa Iskandar Mai Girma.

Akwai kuma asirin Dionysos, wanda ba shi da cibiya guda, malamai masu yawo ne ke shigar da mutane. A kaburbura a kudancin Italiya da Thessaly da tsibirin Krit an samu 'yan ƙananan fallayen zinariya masu rubutu, suna yi wa mamaci kwatancen hanya a lahira da abin da zai faɗa wa masu gadi.

Da wannan asiri ya yaɗu a Italiya, majalisar dattawan Rum ta murƙushe shi a shekara ta 186 kafin Miladiyya. Ita kuwa Eleusis, da yake a hannun hukuma take, Rumawa girmama ta suka yi.

Yadda ibadar ta ƙare

An shigar da Sarki Augustus, haka ma Hadrian. Da wasu mahara da ake kira Kostobokoi suka ƙona wurin wajejen shekara ta 170 Miladiyya, Sarki Marcus Aurelius ne ya sake gina shi, kuma aka shigar da shi a 176.

Al'amura sun sauya bayan da sarakunan Rum suka karɓi addinin Kirista. A shekara ta 364 Sarki Valentinian ya hana ibadun dare, amma gwamnan Girka, Praetextatus, ya roƙe shi ya sassauta, yana mai cewa rayuwa za ta gagari Girkawa idan aka raba su da asirin. Sarkin ya amince.

Sassaucin bai daɗe ba. A 391 da 392 Sarki Theodosius ya fitar da dokokin haramta bautar gumaka, sannan wajejen 396 mayaƙan Goth ƙarƙashin Alaric suka ratsa ƙasar Girka. Daga wannan lokaci ba a ƙara jin labarin bukin ba.

Abin da masu haƙa suka gano

A shekara ta 1801 wani matafiyi Bature ɗan Ingila, Edward Clarke, ya tarar da wani ƙaton mutum-mutumi na mace a kufan. Manoman yankin, ko da yake Kiristoci ne, suna girmama shi, sun kuma yi imani albarkar gonakinsu na tattare da shi. Ya ɗauke shi duk da ƙin yardarsu, kuma yanzu yana gidan tarihi na Fitzwilliam a Cambridge.

Ƙungiyar masu binciken kayan tarihi ta Atina ta fara haƙa a wurin a 1882. An tono harsashin Telesterion na zamuna daban-daban, har da wani gini a ƙarƙashinsa na wajejen ƙarni na 15 kafin Miladiyya, wanda masana ke muhawara kan ko ɗakin bauta ne. Ba a samu wasu hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a zauren ba, abin da ya rushe zaton da aka daɗe ana yi cewa akan zagaya da mutane ta cikin ramuka.

A 1978 wasu masana uku, ciki har da Albert Hofmann, masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Suwizalan, suka wallafa littafi suna cewa mai yiwuwa akwai wata fumfuna mai sa maye, irin wadda ke kama zangarniyar hatsi, a cikin kykeon. Ra'ayin ya samu magoya baya, amma ba a samu shaidar da ta tabbatar da shi a Eleusis ba, kuma masana tarihin addinin Girka da dama ba su karɓe shi ba.

George Mylonas, wanda ya shafe shekaru yana haƙa a wurin, ya kammala littafinsa na 1961 da amincewa cewa mutanen da sun riƙe asirinsu da kyau.

A shekara ta 2023 Elefsina ta riƙe kambun Babban Birnin Al'adu na Turai. Masu ziyara a yau na iya ganin rijiyar da aka yi rawa a bakinta, da matakalan da aka sassaƙa a jikin dutse, da kuma gurbin Anaktoron, a filin da a da leƙa shi kawai kan jawo wa mutum rasa ransa.